KAFIN KI JINGINAR DA GONAR GADO: TARIHIN BIZAR 'YAN WASA

 Na san wata za ta buɗe wannan shafi ta ce, yau kuma me ya haɗa marubuciyar littattafan soyayya da zancen tamaula, abin da ko dokarsa ba mu sani ba? To 'yar uwa ki yi haƙuri ki biyo ni. Ba ƙwallon ce ta dame ni ba, takardar nan da ake kira biza ita ce ta dame ni, domin ta riga ta shigo mana har tsakar gida. Daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Ƙunci zuwa Makoɗa da Dambatta, da wuya ki sami gari ba gidan kallon ƙwallo, kuma da wuya ki sami gidan kallon da babu yaro a ciki mai mafarkin wata rana shi za a kalla a Turai. In mafarkin ya nuna, ba wurin uba ake fara kai shi ba, ɗakin uwa ake shigowa da daddare, ko wurin yaya mai ɗan adashe, a ce an sami mai yin hanya, kuɗin biza kawai ya rage.

Mu kuwa a wannan yanki kin san yadda gona take. Ba mu da daji, ba mu da saura, gona tana manne da gona, iyakarsu layin gamba ne ko na lalle. Kowace damina sai an noma ta, ba ta hutawa, taki ne kawai ke riƙe da ita, wanda ake kwasowa daga turke a mangala. In maigida ya rasu a raba wa 'ya'ya goma, kowa ya tashi da abin da bai fi a shanya gero a kai ba. Wadda ta rabu da nata rabon, to sai dai ta ga hatsi a rumbun wasu. Shi ya sa na ga ya kamata mu san asalin wannan takarda, wa ake ba, kuma wa ke nemo ta.

A zamanin kakanninmu gwanin wasa ba ya neman izinin kowa kafin ya tsallaka ƙasa. Da an yi kaka, an ɗaure dami an cika rumbu, sai 'yan dambe su fito, yawancinsu 'ya'yan mahauta, su bi gari gari da makaɗansu da zarensu na ɗaure hannu. 'Yan kokawa ma haka. Mutum zai taso daga ƙasar Damagaram ko Maraɗi ya biyo ta Daura da Kazaure har ya iso ƙauyukanmu, namu su ma su nausa arewa. Abin da ake tambayar baƙo shi ne, ɗan wane ne, yaron wa ne, wa ya taɓa kashewa a fage? Kisa a dambe dai ba na mutuwa ba ne, kai mutum ƙasa ne. Sarkin fawa ko sarkin dambe na garin shi ne mai masauki, shi zai ba shi tabarma da tuwo, in ya yi ɓarna kuma shi za a kama. Makaɗi kuwa shi ne shaida, kalangu na tashi da kirarinsa kowa ya san ko wane ne ya zo. Shago bai buƙaci hoto mai hatimi ba kafin a san shi, waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta riga shi isa ko'ina. Ki riƙe waɗannan abubuwa biyu, mai masauki da shaidar bajinta, don za ki sake gamuwa da su a gaba cikin rigar Turawa.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba ƙasar Hausa gida biyu, aka wayi gari ɗan Daura da ɗan Matamaye ba ƙasarsu ɗaya ba, alhali wataƙila kakarsu ɗaya. Amma fa talaka bai fasa wucewa ba, ɗan cin rani da ɗan kokawa da mai tallan kanwa duk sun ci gaba da bin hanyar da suka sani. Masu niyyar Makka ma a ƙasa suke tafiya, ta Barno da Cadi da Sudan, shekara da shekaru ana noma a hanya ana haihuwa, wasu su zauna can ba su dawo ba. In kina son ganin jikokin irin waɗannan matafiya, ki dubi ƙungiyar Saudiyya da ta je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, mutum uku a cikinta sunansu Hawsawi, wato Bahaushe, har da kyaftin ɗinsu Usama.

Zuwa Ingila ma a da ba wani abin tashin hankali ba ne ga wanda ke ƙarƙashin mulkinta. A watan Agusta na 1949 'yan ƙwallon Najeriya su 18 suka shiga jirgin ruwa mai suna Apapa daga Ikko zuwa Libaful, yawancinsu ba takalmi suke wasa ba, tsumma suke naɗawa a ƙafa, amma wasansu na farko suka ci 5 da 2. Ɗaya daga cikinsu, Teslim Balogun wanda ake ce wa Tanda, ya koma can a 1955 ya zama ɗan wasan haya. Haka Hogan Bassey ɗan damben zamani daga Kalaba ya zauna a Libaful har ya ci kambun duniya a Faris a 1957, Dick Tiger ya bi sahunsa ya ci nasa a 1962. Duk waɗannan ba wanda ya kwana a layin ofishin jakadanci. A 1962 ɗin ne Ingila ta fara tura ƙyaure, ta yi dokar cewa mutumin ƙasashen rainonta in zai zo aiki sai da takardar izini. A 1986 kuma gwamnatin Magaret Taca ta sanar da sanya biza ga 'yan Indiya da Fakistan da Bangaladash da Gana da Najeriya, ta fara aiki a kanmu a farkon 1987. Kin ga ashe abin bai daɗe ba, da yawa daga cikin iyayenmu sun girmi wannan doka.

Kada kuma mu ɗora wa Bature laifin duka, mu ma mun yi wa junanmu. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, Hausawan zango da Yarbawa suka kwaso kaya suka dawo. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar cewa ɗan ƙasa ɗaya zai iya shiga ɗaya ya yi kwana 90 ba biza, amma ba a cika shekara huɗu ba, a Janairun 1983, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Jakar nan mai gida gida da muke zuba kayan biki a ciki, daga nan ta samo sunanta na Gana-mas-go. Daga 1984 zuwa 1986 an rufe iyaka ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa a 2019, an kuma a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS ɗungurungum. Duk da haka har gobe in kin saurari masu shelar dambe a Kano za ki ji ana kiran 'yan Nijar, in kuma ana gasar takobi ta kokawa, wadda suka faro a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, mazajenmu rediyo ba ta barin kunnensu.

To yanzu mu juyo ga baƙin da suke zuwa mana, wato masu horar da 'yan wasa, koci ke nan. Kofin Afirka na farko da Najeriya ta ci a 1980 a Ikko, wani ɗan Barazil ne mai suna Otto Gloria ya jagoranta, Shagari ya raba wa 'yan wasa gidaje da motoci Fijo. Sai Westerhof ɗan Holan da ya zo a 1989, ya ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya kai mu gasar duniya karo na farko a Amurka a shekarar. Mataimakinsa Bonfrere shi ya ciwo zinare a Atlanta a 1996. Daren da aka doke Barazil 4 da 3 kuwa, ina ƙarama amma na tuna yadda ihun maza ya tashe mu daga barci. Ko a nan gida, a 2009 da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, kocinta Ivo Sajh ne mutumin Sulobeniya. Gernot Rohr Bajamushe ya horar da Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya dawo ya riƙe Najeriya daga 2016 zuwa 2021, a Janairun 2025 kuma aka ɗauko Eric Chelle ɗan Mali.

Abin lura a nan, ko ɗaya daga cikinsu bai sayar da gonar uwarsa ya sayi bizar Najeriya ba. Wanda ya ɗauke shi aiki, hukumar ƙwallo ce ko ƙungiya, shi ke rubuta wa gwamnati ya nemi izinin ɗaukar baƙo, shi ke aika masa takardar gayyata, in ya sauka a kai shi hukumar shige da fice a yi masa katin zama. Jirgi da masauki da mota duk a wuyan mai gayyata suke. Wato dai mai masaukin nan na zamanin dambe ne ya dawo, illa iyaka yanzu da hatimi yake aiki ba da tabarma ba. Wani lokaci har haushi nake ji in na ga yadda ake rawar jiki a kan koci farar fata ana biyansa da dala, namu na gida yana bin albashin wata da watanni, amma wannan zance ne na wata rana.

Zuwan Westerhof ya yi daidai da buɗewar hanyar Holan da Beljiyam ga yaranmu, har da na Arewa. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Beljiyam a 1990, Tijjani Babangida ya tafi Holan har ya kai ƙungiyar Ajax a 1996, Garba Lawal ma ya sami Roda. Sani Kaita na Kano Pillars sai da ya buga gasar matasa ta duniya a 2005, inda Najeriya ta zo ta biyu, sa'an nan ƙungiyar Sparta ta Holan ta ɗauke shi. Ki dubi jerin da kyau, kowannensu sai da ya yi suna a gida, aka gan shi a rigar ƙasa, kana aka aiko a ɗauke shi.

Dalili kuwa, ƙasashen nan da suka rufe ƙofa ga talaka sun bar wata 'yar taga ga gwani, amma taga ce mai ma'auni. Amurka a dokarta ta 1990 ta ware biza ta musamman ga 'yan wasan da duniya ta san su da masu baiwa ta daban, kuma ba ɗan wasan ke shigar da buƙatar ba, ƙungiyar da za ta ɗauke shi ko wakilinsa a can shi ke shigarwa, da hujjar kofuna da lambobin yabo. Ingila kuwa shekaru da yawa dokarta ita ce, sai ɗan wasa ya buga kashi 75 cikin 100 na manyan wasannin ƙasarsa a shekara biyu da suka wuce, kuma ƙasar tasa tana cikin 70 na farko a jerin FIFA. Sun sauya ma'aunin a 2015, suka koma lissafin maki a 2021, amma tushen yana nan, sai an ga inda ka buga da wanda ka buga wa. Kirarin makaɗi ke nan aka mayar takarda.

Don ki san tsananin abin, ga labarin Taiwo Awoniyi mutumin Ilori. Yana cikin yaran da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013. Libaful da kanta ta saye shi a 2015, ƙungiyar da yaranmu ke faɗa a kanta a gidan kallo. Amma da duk kuɗinta da lauyoyinta ta kasa samo masa izinin aiki, shekara shida tana ba da aronsa a Jamus da Holan da Beljiyam, har ta sayar da shi a 2021 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Sai a 2022 ya shigo Ingila ta hannun Nottingham Forest. Kelechi Nwakali ma, wanda aka zaɓa gwarzon gasar 2015, Arsenal ta saye shi a 2016 ya bar ta bai buga mata ba. To don Allah 'yar uwa, abin da ya gagari Libaful shekara shida, shi ne wani mai jaka a hammata zai yi wa ɗanki cikin mako uku?

Ahmed Musa shi ne wanda yara suka fi kafa hujja da shi, kuma da gaskiyarsu, don a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata aka san shi. Amma su kan manta cewa sai da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar ƙasa, kafin VVV ta Holan ta neme shi. Kuma da aka gama ciniki sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010, saboda tun 2001 FIFA ta hana ƙetarawa da yaron da bai kai waɗannan shekaru ba, sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su koma ƙasar don wani aiki nasu. Barcelona da girmanta an hukunta ta a 2014 a kan karya wannan doka. Daga nan ne ya wuce Rasha a 2012, Leicester a 2016, Saudiyya a 2018. Duk wanda ya ce zai kai miki yaro ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, ko bai san doka ba ko ya san ke ba ki sani ba.

Tagar ma ba kullum take buɗewa a kan kari ba. A 2022 Ferdinand Omanyala na Kenya, wanda ya fi kowa gudun mita 100 a Afirka, bizarsa ta Amurka ta makara har ya sauka saura 'yan sa'o'i a fara tsere. A gasar ce 'yar uwarmu Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge, ita kuma ta hanyar karatu ta shiga Amurka, jami'a ce ta ɗauki nauyinta. A watan Yuni na 2025 shugaba Trump ya hana 'yan ƙasashe 12 shiga, har da Cadi, a Disamba ya ƙara da Nijar da Mali da Burkina Faso, ya kuma taƙaita wa Najeriya wasu nau'o'in biza, amma ya keɓe 'yan wasa da kocinsu masu zuwa gasar duniya ko Olamfik. Ɗan kallo kuwa bai shiga cikin keɓewar ba.

To shi dillalin da ke yawo a ƙauyuka me yake sayarwa? In ya yi mutunci ƙwarai, bizar ziyara ce ta 'yan kwanaki, wadda ba a aiki da ita, da takardar gayyatar gwaji mai tambarin wata ƙungiya da ko labarin yaron ba ta taɓa ji ba. A ajiye shi a otal a wata ƙasa, a karɓe fasfo, kwana biyu waya ta daina shiga. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma aka kai su ƙasar Lawos can kudu maso gabashin Asiya da sunan makarantar ƙwallo, suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa. Za a ba ki labarin Francis Obikwelu, wanda ya maƙale a Fotugal a 1994, ya yi leburanci a wurin gini, daga baya ya zama ɗan ƙasar har ya ciwo musu azurfa a Olamfik ta 2004. Gaskiya ne ya faru, amma shi ma a tawagar Najeriya ya je, ya riga ya zama gwani kafin ya bar gida, kuma sunansa muka sani saboda ya tsira. In da gaske ƙungiya ke son yaro, ita za ta rubuto wa ƙungiyarsa ta nan, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta san da maganar, ita za ta biya jirgi da masauki, wakilin gaskiya kuma yana da lasisin FIFA, ladansa daga cinikin yake fita bayan an sa hannu, ba daga kunnen uwar yaro ba.

Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da namu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar. Babban namijin yana da ƙafa ƙwarai, duk gasar sallah shi ake ɗagawa a kafaɗa. Wani mutum ya zo kallon wasa sau biyu, ya nuna hotunansa da Turawa a waya, ya yanka kuɗin fasfo da biza da awon likita. Ta sayar da tumaki biyu da ɗan kunnen aurenta, bai isa ba, ta ba da gonar da ta gada wajen mahaifinta jingina, a gaban mai unguwa da shaidu. Aka kai yaron Ikko tare da wasu shida aka ce su jira ranar tashi, wata huɗu suna kwana a ɗaki ɗaya, daga nan mutumin ya ce zai je Abuja karɓo fasfo. Yaron kunya ta hana shi dawowa, yana can yana tura baro a kasuwa, yana aiko mata da ɗan abin da ya samu ta hannun direbobin shanu. Damina uku ke nan mai jingina yana shuka gero da wake a gonar, ita kuma tana surfe da daka a gidajen mutane tana zuba adashe, ta ce in ta kwashe na bana da na baɗi za ta kai rabin kuɗin fansa.